Motar da Ta Yi Shiru

Ƙarfe takwas saura na safe aka kira Sufeto Hamisu Dauda a waya: mota ta take wata budurwa a cikin gidan Hajiya Fatima, 'yar kwangila, a Unguwar Sarki. Kafin ya isa an tafi da yarinyar asibiti da karaya biyu a ƙafa. Direban da ya yi aikin, Shamsuddeen, yana zaune a ƙasa, rigarsa a yage.

Wanda ya yaga rigar yana tsaye a kansa yana huci. Malam Balarabe ne, tsohon direban gidan, Basakkwace, kuma yarinyar 'yarsa ce, Samira, wadda ke kawo masa koko kullum daga Hayin Banki.

"Yallaɓai, ɗiyata ta," in ji shi. "A ɗaure shi. Yaron da bai iya duba madubi ba, mi yas sani ga tuƙi?"

Sufeto ya zagaya motar. Sabuwa ce fil, irin wadda ke yin kuka in abu ya gitta mata ta baya, in direba ya yi nauyin ƙafa ta taka birki da kanta. Shamsuddeen ya rantse yau ba ta yi ko tari ba, allon da ke nuna baya kuma dishi-dishi ya gan shi. Ya amsa laifinsa ɗaya, cewa bai waiwaya ba, don wata shida ke nan motar na waiwaya masa.

Sufeto ya durƙusa ya shafa 'yar kyamarar da ke saman lamba. Yatsansa ya fito da man shafawa.

Hajiya Fatima ba ta ɓoye komai ba. Shekara ashirin da biyu Malam Balarabe yana ja mata mota, ko kaza bai taɓa takewa ba. Da sabuwar ta zo ya ce shi ba zai tuƙa motar da ke yi masa gyara ba, sai ta ɗauko Shamsuddeen, Malam Balarabe kuma ta bar masa tsohuwar ya riƙa zuwa cefane. Ta tuna ta taɓa cewa a gaban baƙi wannan mota ta fi direba goma hankali. Wasa take yi, a cewarta. Sufeto dai ya rubuta, don ya san irin wasan da ke kwana a zuciyar mutum.

Da ya tambayi Malam Balarabe, sai ya ce shi tun da aka kawo motar ko murfinta bai taɓa ba.

Sufeto ya sa aka kira makanikin da ke duba ta. Mutumin ya latsa allo sau biyu ya ce an kashe mata gargaɗin baya da birkin, kuma da hannu aka kashe. Ya ƙara da cewa akwai kyamara a jikin gilashin gaba mai ɗauka da zarar an kunna mota. Suka duba ɗaukar ƙarfe shida da kwata. Baƙi ƙirin, sai zaren ɗinkin hula a gefe. An rataya mata hula ke nan. Sufeto ya sa abin sauraro a kunne, ya saurara har sau uku, sannan ya cire.

Ya fito tsakar gida yana hamma kamar wanda ya gaji da aikin.

"Baba, taimaka ka matsar mana da ita inuwa. Wannan yaron ba zai sake taɓa ta ba."

Fuskar tsohon ta ɗan saki. Abin da ya yi wata shida yana jiran ji ke nan. Ya shiga ya gyara zama, hannunsa na sauka a kan sitiyari bakinsa ya motsa da kansa.

"Bismillahi majreha wa mursaha. Allah kai mu, Allah maishe mu."

Sufeto ya leƙo ta taga ya kunna ɗaukar da ƙarfi. Aka ji rufe ƙofa a hankali, aka ji numfashi, sannan muryar nan a ƙasa-ƙasa, har da "maishe mu" ɗin da babu mai faɗarsa a gidan sai mutum ɗaya.

"Ka rufe mata ido, Baba, ka manta tana da kunne."

Malam Balarabe ya saki sitiyarin. Da ya buɗe baki, babu sauran hucin nan. Ya ce ginshiƙin get kawai ya so yaron ya daka, Hajiya ta gani da idonta cewa ƙarfe ba ya zama direba. Wata shida yana leƙen inda Shamsuddeen ke latsawa ya kashe mata kukan in zai wanke mota, yau da asuba shi ma ya latsa, ya shafa wa kyamarar baya mai. Samira kuwa ƙarfe tara take zuwa, yau ne ta yi sammako don za ta je ɗaukar katin jarrabawa.

"Da na bar ta, da ta tsaya?" ya tambayi makanikin.

Makanikin ya kalli Sufeto, sannan ya sunkuyar da kai. "Da ta tsaya, Baba."

Sufeto ya ji tausayinsa har cikin ransa, amma ya miƙa wa kofur ankwa. Shamsuddeen ma zai je ofis ya ba da bayanin rashin waiwayarsa, sai dai shi a gida zai kwana.

A bakin motar 'yan sanda tsohon ya tsaya ya roƙi abu ɗaya, a biya da shi asibiti. Sufeto ya ce za a biya. Tsohon ya hau ya zauna a baya, direba ya tayar, Sufeto ya kasa kunne. Wannan karon bakin Malam Balarabe bai motsa ba.