Jirgin Da Ya Tsaya Tasawa Shan Fura

Wallahi an ga ragon! Ragon sunan yarona hwa, wanda ya ɓace jiya ana sallar azahar, duk Dakoro ta ɗauka. Bari ku ji yadda anka yi, ni ko ruwan wankan jegona ya huce don dariya.

Maigida Ɗayyabu ya ruga komisariya wurin polis, ko takalmi babu. Suna gobe, baƙi sun taso tun daga Sabon Maci, ga turke wayam. Nan da nan Ansifekta Zaharaddini ya iso, wani siriri mai gilashi, ya duƙa bakin turke.

"Ba a yanke igiya ba, kwance ta anka yi," in ji shi. "Ragon na bin baƙo?"

"Ranka ya daɗe, ko ni tunkurata yake. Sai in ya ga harawa," in ji maigida.

Ansifekta ya duba ƙasa. Ga ganyen harawa ɗaya-ɗaya har bakin lungu.

Ya tahi wurin Maraya mai harawa.

"Wa ya sayi harawa yau?"

"Mamani dillali, dami guda, da hantsi."

"Yana da dabba?"

"Ko kaza ba shi da ita, sai baki."

Bayan magariba anka samu Mamani ƙofar gidansa, ya sha babbar riga, yana sakace. Ansifekta ya ce masa Maraya ya ce ya sayi harawa da hantsi.

"Ni? Haba ranka ya daɗe! Maraya ido ya hwara ba shi wahala. Yau ina sama. Jirgin sama na shiga daga Damagaram zuwa Maraɗi, yanzu mota ta aje ni."

"Ina biye ɗinka, tikitin jirgin?"

"Iska ta hizge shi ta taga."

Ansifekta ya gyara gilashi, ya rubuta.

"Ƙarhe nawa kunka tashi?"

"Goma na sahe. Sai bayan la'asar munka sauka."

To shi Ansifekta ya taɓa hawan jirgin nan. Kilomita ɗari biyu ne da ɗan ɗori, ko awa guda ba a yi. Ranar, ya ce, bai gama addu'ar tashi ba anka ce a ɗaure ɗamara za a sauka. Amma bai nuna komai ba.

"Awa shidda kenan. Lallai kun sha hanya. Mi ya tsaishe ku?"

"Ka san Tasawa. Munka tsaya salla, munka sha fura."

"Direba bai ɗauki mutane Takeita ba?"

"Ya ɗauka mana! Wata tsohuwa da buhun albasa, har munka yi cacar baki kan kujera."

Wani polis da ke bayan Ansifekta ya riƙe ciki don dariya, hula ta hwaɗi. Daidai nan sai anka ji "Mbeee!" daga cikin ɗakin Mamani.

"Shi ma Takeita ya shiga?" in ji Ansifekta.

Mamani ya zube. "Ranka ya daɗe, sharrin Shaiɗan ne. Ni ko bakin hilin jirgi ban taɓa zuwa ba."

Anka hito da rago yana tauna gefen katifa. Anka tura Mamani bayan motar polis, Ansifekta ya leƙa ya ce, "Riƙe da kyau, Alhajin sama. Namu jirgin ba ya tsayawa Tasawa."

Yau da sahe anka yanka rago, anka raɗa wa yaro suna Zaharaddini. Don Allah ku kai labarin har garin Mai Yara, ku ce wa Gwaggo Dela ta taho, na aje mata ƙauri!