Hoton da Ya Rufe Jar Fitila

A tashar Kokand Behruz ya fara ganin Mohira, ta shigo tasinsa da kwandon inabi za ta Tashkent. Suna hawan dutsen Kamcik ta nuna gaban sitiyari.

"Direba, wannan jar fitilar fa?"

"Ƙyale ta, ƙanwata, gulma kawai ta iya. Kowace mota a hanyar nan tana da irinta."

Ta yi dariya, shi kuwa tun daga ranar ya susuce. Da soyayya ta yi nisa ta ba shi ɗan hotonta, gogan naka ya manna shi daidai kan fitilar. Ga masoyiya a gaban ido, ga 'yar gulma ta yi shiru.

Mahaifinta, Baba Tursun, ya fi son wani mai kantin magani, amma ya bari gwaggwannin Behruz suka kawo gurasar neman aure. Kafin ya ba da amsa ya ce yaron ya kai shi kasuwa. Yana ganin hoton ya ɓanɓare shi, don 'yarsa ba abin kallon fasinja ba ce. Sai ga fitila ja wur.

"Tun yaushe?"

Tsohon ya juyo ya dubi Behruz.

"Da fuskar 'yata ka rufe ajalin mutane?"

Aka mayar da gurasar ba a karya ba, alamar an ƙi ke nan. Kunya ta hana Behruz leƙa ko ƙofar gida. Sai saƙon Mohira ya shigo:

"Yaya Behruz, na ɗauka don so ka ajiye ni a wurin. Ashe ni marfi ce."

Ya mayar mata: "Ruhina, wallahi so ne, haɗe da wauta. Ba zan ƙara ɗaukar kowa ba sai an duba motar."

Bakanike ya ce man birki ne ke yoyo, saura ƙiris ya ƙare, ga gangaren Kamcik ba ya yafiya. Behruz ya tuna yaran da yake ɗaukowa a bayan motar.

A ƙafa ya je ya ajiye ruɓaɓɓen tiyon birkin a gaban tsohon.

"Baba, kun ceci mutane. Ni ba ni da bakin magana."

Tsohon ya daɗe yana juya tiyon, sannan ya kira matarsa. "A ce su dawo da gurasar."

Da hannunsa ya karya ta, ya sa musu albarka. Ranar ɗaukar amarya Mohira ta leƙa gaban sitiyari, babu ja ko ɗigo. Ta zura hoton a aljihun ƙirjinsa.

"Nan ne wurinsa, angona."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kiyaye musu hanya.