Kambas ɗin Gwanjo

"Wallahi ko ka fitar da kambas ɗin nan daga gidan nan, ko in cinna masa wuta!" in ji Zulaihatu, ta toshe hanci da mayafi. "Warin mushe yake, Taufiq!"

"Yaya, saura kwana shida gasar tafiyar. Kilomita arba'in da biyu ne fa. Ba a shiga da sabon takalmi, cinye ƙafa yake."

Wata uku yana atisaye da wannan na gwanjon har ya kwanta masa, ban da wata 'yar tsakuwa a na hagu da ta ƙi kakkaɓuwa. Ya wanke, ya shanya, warin sai gaba yake yi.

Tun kafin assalatu ya fita atisaye. Yana barin Gangaren Tudu warin ya yi kauri har maƙogwaronsa. Wani mutum na tafe a gefensa, takunsu ɗaya, sai dai nasa caɓal-caɓal yake, kamar mai taka ruɓaɓɓen tumatir.

Taufiq ya haska fitilar waya ƙasa. Ƙafafun babu takalmi, sun kumbura sun tsattsage suna tsatsar ruwa, ƙudaje na bin su cikin duhun nan. Babban yatsan hagu babu farce.

Tsakuwar nan ta sake sukar yatsan Taufiq, a karon nan ya ji faɗinta da lanƙwasarta irin na farce.

"Sannu da ƙoƙari, samari," in ji mutumin, kamar bakinsa cike da ruwa, idonsa a kan kambas ɗin. "Ni ma kwana shida ya rage min a lokacin. Ka gama da shi ne, ko in ci gaba da bin ka?"