Mai Sayen Abin Gwajin Ciki

"A ba ni abin gwajin ciki, guda uku."

Mai kemis ya ɗago kai. Budurwa ce mai fara'a, da tsinken kitso soke a gefen ɗankwali. Maimakon ita, shi kunya ta kama, har kwalin ya suɓuce masa.

"Dokta, kai ke sayarwa, kai kuma ke rawar hannu?"

Shi ba likita ba ne, amma sunan ya bi shi. Shagon kitsonta na kallon nasa, tun ana gaisuwa daga nesa har aka koma waya. Ya sa mata suna Zuma.

"Zumata, yau na ba wani tsoho maganin tari a madadin na ido. Laifinki ne."

"To rufe shagon kafin ka makantar da unguwa, Doktana."

Abu ɗaya ke cin ransa, ba ta daina sayen abin gwajin ba. Ya tambaya, ta ce ba nata ba ne. Na wa? Ta ƙi faɗa.

Maƙwabciyarsu, wadda ta daɗe tana yi wa 'yarta kwaɗayinsa, ta kai wa mahaifiyarsa, Umma, labarin da gishirinsa.

"Yarinyar da ke gwajin ciki kamar mai auna zazzaɓi za ka kawo mini?" in ji Umma. "Ba a gidana ba."

Ya yi ta juya maganar, ƙarshe ya rubuta mata: "In ba ki da abin ɓoyewa, ki faɗi sunayensu."

Amsa ta zo: "Gara ka zarge ni. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya daina kallon tsallaken titi.

Wata safiya ya tarar da Auta, ƙanwarsa mai shekara goma sha shida, durƙushe gaban Umma tana kuka.

"Ni ce ɗaya daga cikin waɗanda Zuma ke saya wa, Yaya. Wani ya yaudare ni, na rasa wanda zan gaya wa. 'Yan mata kan faɗa mata damuwarsu in tana musu kitso, ita take sayo mana don kada a gan mu. Babu ciki, amma ta ce ciwon marata ba na wasa ba ne. Ta kai ni asibiti, ta zauna har aka duba ni. Nas ta ce da mun daɗe, da ƙila ba zan taɓa haihuwa ba."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Umma ta rufe fuska da mayafi, ta jima, sannan ta jawo Auta jikinta.

Da rana ya tsallaka titin, Umma na gaba. Zuma na tsefe wa wata kai. Ya kasa haɗa ido da ita.

"'Yata," in ji Umma, "kin rufa mini asiri ina zaginki."

"Haba Umma, zauna mana."

"Zuma, ki yafe..."

"Kai kam sai ka yi zarya, Dokta. Umma kaɗai na yafe wa yau."

Ya yi zaryar kuwa, har takalminsa ya san hanya. Ranar ɗaurin aure Umma da kanta ta riƙo hannun amarya ta shigar da ita ɗaki.

"Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Ya sa 'ya'yanku ba za su ji tsoron yi muku magana ba."

Auta ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.