Uwa Biyu a Takarda Ɗaya

Da hantsi wani ma'aikacin gonar auduga ya shigo ofishin 'yan sanda na Wad Haddad, yana riƙe da matarsa da ko tsayuwa ba ta iyawa. Sunansa Audi, ita kuma Raliya. Kwananta shida da haihuwa.

Sufeto Lukman ya tura mata kujera.

"Janabu, cewa sunka yi ɗana ya zo babu rai," in ji Raliya. "Wallahi na ji kukanai. Na kama hannunai kafin jini ya ɗauke ni. Yatsu shida gare shi a hagu, irin na ubanai."

Audi ya ɗaga hannunsa na hagu. Ga tabon shidaniya nan kusa da ɗan ƙaramin yatsa.

"Kai ka ga gawar?"

"A naɗe ungozoma ta miƙo min. Ta ce kada in buɗe, ba kyan gani. Na rufe shi kafin la'asar."

Lukman ya saba da satar tumaki da faɗan ruwan ban-gona. Irin wannan bai taɓa zuwa teburinsa ba.

Asibitin ƙauyen ɗaki uku ne a bakin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. Ungozomar, Hajiya Indo, dattijuwa ce da rabin yaran yankin suka faɗo a hannunta.

"Mata nawa suka haihu ran Lahadi?" Lukman ya tambaye ta.

"Raliya kaɗai, ɗana. Zazzaɓin jego ke sa ta sambatu. Allah ya ba ta haƙuri."

"Ina littafin haihuwa?"

"Yana ofishin rajista."

Ta amsa ba gargada, amma Lukman ya lura ta cusa hannayenta cikin mayafi.

A ofishin rajista, magatakarda Malam Sambo ya buɗe littafin, ya juya shi wajen sufeto. Haihuwa biyu aka rubuta ran Lahadi, ba ɗaya ba. A layin farko, na ƙarfe tara na safe, an rubuta namiji, mai rai. An ja layi a kan sunayen iyaye, an rubuta wasu a sama: Sakina da Bilyamin. Lukman ya ɗaga shafin wajen taga. A ƙarƙashin tawadar ya karanta Raliya da Audi.

"Wa ya yi wannan gyara?"

Sambo ya share gumi. "Ni ne, Janabu. Mataimakin likita ne ya cike layin farko da safe, ya tafi Rufa'a. Ran Talata Hajiya ta zo ta ce ya rikita sunaye, a gyara kafin a fitar da takarda. Ta sa hannu. Wa zai yi musu da Hajiya?"

"An fitar da takardar?"

"Jiya. Sun ce suna sauri. Gobe suna, jibi Bilyamin zai kwashe iyalinsa zuwa Rusairis."

"Wace ce Sakina?"

Sambo ya sunkuyar da kai. "'Yar Hajiya ce."

Lukman bai jira direba ba. Ya ɗauki kurtu mace ɗaya, ya ja motar da kansa.

Gidan Bilyamin ya cika da mata ana surfe, rago na ɗaure a gindin darbejiya. Daga cikin ɗaki wani kuka ke fitowa, siriri, kamar mai shi ya gaji. Sakina na zaune a bakin gado tana jijjiga jaririn, idanunta sun faɗa.

"Tun jiya ya ƙi nono," ta ce. "Jikinai kamar wuta. Inna ta ce kada in kwance tsumman hannun, wai ƙurji ne."

"Kwance shi, 'yar'uwa."

Ta kwance. Hannun ya kumbura har wuyan hannu, ya yi baƙi-baƙi. A gefen ƙaramin yatsa an ɗaure wani ɗan yatsa da zare tamau, yana fitar da ruwa mai wari. Wani ya so yatsan ya bushe ya faɗi kafin ranar suna.

"Ɗauki yaron, sai babban asibiti," ya ce wa kurtun. "Yanzu."

Sakina ta ƙanƙame shi. "Ina za ku kai min ɗa?"

A lokacin Hajiya Indo ta shigo tana haki. Ta ga hannun a buɗe, ta ga takardar haihuwar a hannun sufeto. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Hajiya, kin ce haihuwa ɗaya. Littafi ya ce biyu. Wa Audi ya binne?"

Masu surfe suka ajiye taɓare, suka matso bakin ɗakin.

"Jikana," ta ce da ƙyar. "Na huɗu ke nan da ya zo wa Sakina babu rai. A na uku, daga cikin tur'a munka ciro ta. Na san in ta farka ta ji, wannan karon ba za mu cim mata ba. Ga waccan a sume, ga ɗanta yana kuka. Na ce yarinya ce, za ta sake samu. Na musanya. Sakina ba ta san komai ba, wallahi."

Sakina ta dubi uwarta, ta dubi jaririn. A hankali hannayenta suka saki, kurtun ta karɓe shi ta fita da gudu.

Lukman ya ɗago tsohuwar. Bai sa mata ankwa ba. Matan suka dare, suka ba su hanya, babu wadda ta yarda ta haɗa ido da ita.

Sun kai bakin ƙofa ya ji an riƙe masa hannun riga. Sakina ce, babu ko takalmi.

"Janabu," ta ce, "mutumin nan da ya binne shi. Ka roƙe shi ya nuna min wurin."