Ƙarin Takun Turai

Kalangu ya tsaya cak, ƙafafun 'Yan Dam suka tsaya tare da shi, ban da ƙafar Turai. Diddigenta ya ƙara dukan ƙasa, akayau ɗin ƙwaurinta ya ce kacau...

Kowa a filin kwalejin ya juyo ya dube ta.

Babu ɗalibin da bai san wannan ƙarin taku ba. Da shi 'Yan Ruga ke rufe rawarsu ta koroso. Su kuwa da 'Yan Dam, 'ya'yan mutanen da ruwan Tiga ya tasa, ko ga maciji ba sa yi saboda kofin ƙarshen shekara.

"Wa ya koya miki?" in ji yayanta Haladu, shugaban 'Yan Dam.

"Yaya, kuskure ne..."

"Kuskure a ina," Tasalla abokiyar rawarta ta cafe, da ma ta daɗe tana harin gurbin Turai a sahun gaba. "Bayan ɗakin karatu ake koyo, wurin Dikko."

Dikko, shugaban 'Yan Ruga. Yana gefen filin a tsaye, ya ji sarai, sai ya sunkuyar da kai.

"Cire akayau ɗin," Haladu ya ce. "In na je gida Baba zai ji."

Ta cire, ta miƙa masa.

Daga ranar Turai ta zama kamar bangon ɗaki. A ɗakin cin abinci an bar mata benci ita kaɗai. Da la'asar in kalangu ya tashi, sai ta zauna bakin gado ta danne ƙafafunta da hannu, don ba sa jin magana. Kaɗaici ya ci ta, wallahi, har ta rame.

Dikko yakan zo, amma ta bayan ɗakin karatu, yana waige-waige.

"Haskena, kin rame..."

"Dikko, ni an kore ni saboda kai. Ka tsaya gabansu ka ce kana sona. Shi kaɗai nake roƙo."

"Zan faɗa, ranki ya daɗe. Bari a ɗauki kofi tukuna. In yarana suka ji yanzu, watsewa za su yi."

Yaransa! Ita fa, 'yar wa ce?

Ta ce to.

Ranar gasa mutane suka zo har daga Kiru da Tudun Wada. Turai na can baya a tsaye, babu mai ce mata matso. 'Yan Ruga suka girgiza fili, suka rufe da takun nan, kofi ya zama nasu. Aka saɓa Dikko a kafaɗa, aka miƙa masa lasifika.

Turai ta matso gaba. Yanzu ne.

Ya gode wa malamai. Ya gode wa makaɗi. Har mai ɗinka musu kaya ya gode wa. Ya miƙa lasifikar.

Washegari tana ɗaure akwatinta za ta tafi hutu Tiga, aka ce ana kiranta. Ta ɗauki akwatin ta fito, a bayan ɗakin karatu ta sami Dikko, da kofin naɗe cikin riga.

"Naki ne, haskena. Yanzu komai ya wuce."

Ta dubi kofin, ta dubi lungun da suke tsaye. Har yanzu tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Ko yau ta baya ka biyo, Dikko."

Ta ɗora akwatinta a ka, ta bi ta tsakiyar fili ita kaɗai zuwa tasha.