Ja da Baya, Baba!

"Da wannan zai ciyar da ke?"

Baba Barmo ya kai hancinsa dab da zanen kamar mai duba tsakuwa a shinkafa. Raihana, 'yarsa, na raɓe a bakin zaure. Yau Baba ya ce Aisami ya kawo sana'arsa a gani. In ba ta gamsar da shi ba, zancen aure ya mutu.

"Ai na faɗa maka, Kawu," in ji Rashidu, ɗan ƙanwarsa, wanda ya daɗe yana harin Raihana. "Tun muna 'yan makaranta a lakwal yake ɓarnar fenti. Kaza ta taka ma sai ta fi shi!"

Aisami ya sunkuyar da kai. Bawan Allah, hannunsa ne mai magana, bakin kam sai a hankali.

"Ba itace, ba gida," Baba ya ce. "Dabbare-dabbare kawai!"

Bakin Raihana ya suɓuce.

"Baba... ja da baya!"

Baba ya ɗago ya dube ta.

"Ni? Ni zan ja da baya? A gidana?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba, Baba..."

Ya juya a fusace. Sai da ya kai ƙofa ya waiwayo don ya yanke hukunci, sai idonsa ya faɗa kan zanen.

Daga can nesa launukan sun haɗe. Ga tudun rairayi ya yi ja da hasken la'asar, ga duhun goruba, ga farin kanwa kwance a bakin ruwa.

"Kwarinmu na Gidigir..." in ji Baba. "Kafin rairayi ya binne shi. Yaro, ba a haife ka ba. Ina ka gan shi?"

"Ban gan shi ba, Baba. Raihana ke maimaita mini labarinka, har da yadda kake yin shiru a tsakiya. Kewar na zana."

Tsohon ya daɗe tsaye, hawaye na bin gemunsa. Rashidu dai ya lalubi takalminsa.

"Ka turo manyanka," Baba ya ce. "Amma zanen nan ya zo gida ke nan."

"Hasken idona," Aisami ya raɗa mata, "kin ƙwato mu!"

Daɗi ya kashe Raihana. Ta ruga cikin gida ta faɗa jikin Inna, tana dariya tana kuka, guɗar Inna kuwa har kasuwar Gure aka jiyo ta.